Littafin Bashi da Katin Asibiti

A wani lungu na Zaitawa akwai wani bawan Allah mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Kowa ya san shi da rubutu. Ko turmi ɗaya ka ɗauka bashi, sai ya buɗe littafi ya sa rana da wata, ya kira yaron shago ya shaida. In ka yi ƙorafi ya tuna maka cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma gaskiyarsa.

Yana da ƙanwa da aka aurar bayan ganuwa. Wata Talata ta shigo gida da goyo, ido a kumbure, haƙori yana girgiɗi. Kafin ta iso ta biya asibitin Murtala, aka duba ta, aka ba ta kati da takardar magani. Ta miƙa masa.

"Yaya, ka ajiye mini wannan."

"In ajiye na mene? So kike ki tona mana asiri a gari? Aure ai zo mu zauna zo mu saɓa ne."

Ya yayyaga ya jefa a murhu. Inna tana gefe, ba ta ce uffan ba. Kwana uku aka zo biko, aka mayar da ita.

Haka aka yi ta yi. Ta ɗauki hoton raunin a waya, aka ce ta goge, 'yar mutunci ba ta tara wa uban 'ya'yanta laifi. Abin da ke ci mini rai shi ne masu faɗin haka suna son ta. Sai dai kunyar bakin mutane ta fi musu nauyi a kan jinin da ke gabansu.

Wata tsohuwa a maƙwabta ce ta ja ta ɗaki, ta ba ta littafin rubutu irin na 'yan firamare.

"'Yata, duk ranar da abu ya faru ki rubuta: rana, da abin da ya doke ki da shi, da wanda ya ji ihunki, da lambar katin asibiti. Kada ki kwana da shi a ɗakinki, ya gani ya ƙara miki. Ki bar shi a wurina."

Bayan shekara biyu tura ta kai bango. Aka je gaban mai unguwa, aka je Hisbah, sulhu ya ƙi, magana ta kai kotun Musulunci. A mazhabar Malikiyya, macen da ta tabbatar da cutarwa alƙali na iya raba auren ba tare da ta mayar da komai ba. In hujja ta gagara, sau da yawa abin da ya rage mata shi ne khul'i, ta fanshi kanta da dukiya bayan ta sha duka. Mijin kuwa ya musanta komai.

Alƙali ya juya ga yayan.

"Malam, yaushe aka fara? Sau nawa ta zo muku da rauni?"

Mutumin da zai faɗa maka bashin bara har da ranar da aka ɗauka ya tsaya yana sosa ƙeya. "Allah ya gafarta Malam, an dai daɗe."

Tsohuwar ta kwance bakin zane ta fito da littafin. Rubutun mai ƙara shi kaɗai ba ya zama shaida, amma shi ya nuna hanya. Da lambobin da ke ciki aka nemo bayanan asibiti, da sunayen da ke ciki aka kira maƙwabta biyu suka faɗi abin da suka ji da kunnensu. Aka raba auren, ba ta biya ko kwabo ba.

A soron gida, bayan la'asar, yayan ya ce wa ƙanwar ta ba shi littafin ya gani. Shafin farko ta cike shi da abin da ta iya tunawa na baya. Layin farko ya karanta: "Talata, bayan ƙaramar Sallah. Ido da haƙori. Katin asibiti na ba Yaya ajiya."

Ya daɗe yana kallon layin. Har aka kira magariba bai juya shafin ba.