An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Mutanen unguwarmu sun ɗauka ni mai gyaran tsofaffin rediyo ne, ni kuma na ja bakina na yi shiru don sunan na yi mini daɗi. Maganar gaskiya, na'urorin da ake auna rediyo da su nake gyarawa, kuma a nan na maƙale.

Ga yadda cutar take. Rediyo mai bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ja idan sun ɗau zafi, waɗanda tiransisto ya kora, ba a gyara shi da ka. Sai ka san ko bawul ɗin na da sauran rai. Shi ya sa na kwaso na'urar gwajin bawul ta AVO, ƙirar Ingila, daga hannun 'yan gwangwan kafin su fasa ta su cire jan ƙarfen ciki. Na kakkaɓe ƙura, na goge makunnanta ɗaya bayan ɗaya, na dasa mata EL84. Littafi ya ce in ka ba wannan bawul bolt 250, ka saita giridinsa a bolt 7.3 ƙasa da sifiri, to miliyam 48 zai ja. Allura ta tashi, ta yi rawa, ta tsaya nesa da wurin.

Mai hankali cewa zai yi bawul ya gaji, ya nemi wani. Ni kuwa sai na kafe na'urar da ido. Wa ya san ko ita ce ke ƙarya? Rasistocin wancan zamani na gawayi ne, ƙimarsu hawa take yi da tsufa. To da me zan kama ta? Sai na nemo mita AVO 8, wadda aka fara fitarwa a 1951. Ita ma tana da nata halin: allurarta daga abin da take aunawa take shan wuta, om 20,000 a kan kowane bolt, don haka a wuri mai rauni sai ta rage abin da aka aike ta ta gano. Maganin wannan ita ce mitar Heathkit mai megom 11, wadda kusan ba ta taɓa komai. Na samo ta, na buɗe bayanta, sai ga bawul biyu a zaune, 12AU7 da 6AL5. Su ma sai an gwada su, kuma babu wurin gwajin sai na'urar da nake zargi tun farko.

Ban ma kawo zancen wuta ba. Kafin kowane gwaji sai ka daidaita allura a kan wani ɗan layi gwargwadon wutar gida. Kana daidaitawa maƙwabci ya kunna injin markaɗe, shi ke nan a koma farko.

Da daddare kuma ina kan injin sigina na Marconi. Nakan kamo BBC a gajeren zango, in matso da siginata kusa da tasu, in saurari fiton da haɗuwarsu ke yi yana kauri yana sauka har ya ɗauke, alamar sun zo daidai. Sai a gama labaran duniya ban ji ko kalma ɗaya ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, me suka ce?" In ce mata fito ya ɗauke, alhamdu lillahi.

Duk wannan hidimar, rediyo ƙirar Grundig ta wani dattijo na nan kan kanta tun kafin azumin bara. Da mun haɗu a masallaci yakan ce, "Malam, ina labarin mutuniyar?" In ce, "Baba, ana kan awo." Ban yi ƙarya ba, sai dai ba ita ake aunawa ba. Na ma san ciwonta, kwandansa ce ta takarda ke yoyo, aikin da ba zai kai daga azahar zuwa la'asar ba.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne akwai wata 'yar mitar roba mai lambobi, ƙirar Sin, da ɗana ya saya mini da kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. A bainar jama'a nakan ce wasan yara ce. Idan an kwanta kuwa, ita nake zarowa daga ƙarƙashin tsumma in tambaye ta wanne ne mai gaskiya tsakanin AVO da Heathkit, ta ba ni amsa nan take, in mayar da ita in rufe.