Kowa Ya Zama Edita

A da gardamar Arsenal da Manchester United ce ke raba abota a majalisar matasa. Yanzu an samu sabon abin faɗa: wace manhaja ce ta fi iya tace bidiyo. Yaro zai sayi waya da safe a Farm Centre, ya sauke CapCut da azahar, kafin la'asar ya ƙara "Darakta" a gaban sunansa na Facebook.

'Yan Premiere Pro su ne attajiran wannan fage, amma a baki. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin wata-wata. Ka tambayi Malam Edita nawa yake biya, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai wani yaro ne ya zuba min a filash." Wannan bai hana shi kallon mai CapCut a wulaƙance ba.

Sai 'yan DaVinci Resolve, waɗanda suka haddace magana biyu: kyauta ce, kuma da ita ake gyara launin finafinan Hollywood. Duka gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne, kamfanin Blackmagic Design bai yi ta don tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo mai ram 4 ba. Da edita ya buɗe ta fanka za ta fara kuka kamar injin markaɗe. Ya kunna renda bayan isha'i, ya kwana yana gadi, ta kai kashi 98 aka ɗauke wuta. Batiri kuwa ya riga mu gidan gaskiya tuntuni.

Mai Final Cut Pro ba ya shiga gardama. Tunda sai a na'urorin Apple take aiki, buɗe kwamfutarsa kawai yake yi yadda tambarin tuffar zai fuskanci jama'a.

Talakawan KineMaster na kyauta su kuma yaƙinsu da tambarin da ke maƙale a kusurwar bidiyo ne. Na ga wanda ya rufe shi da hoton fure, a bidiyon ta'aziyya.

Inda abin ya fi daɗi shi ne aikin biki. Duk wani ado da ke cikin manhaja sai an yi amfani da shi, don kada a ce edita bai iya ba. Ango ya shigo yana jujjuyawa, ya tarwatse ya zama taurari. Liman yana shafa fatiha, tsuntsaye na fita daga rawaninsa. An haskaka amarya har uwar ango ta matso da wayar kusa da ido tana tambaya, "Ni 'yasu, ko an canja mana yarinyar ne?" Sauti kuwa ba wanda ya damu da shi. Wurin da waliyyi ya ce ya bayar, janareton maƙwabta kawai ake ji.

Masu ba da aikin ma ba baya ba. Hajiya za ta kafe sai 4K, alhali a WhatsApp za ta tura wa dangi, shi kuma ya matse bidiyon har ba a bambance ango da abokinsa.

"Edita, ina bidiyonmu?"

"Wallahi Hajiya saura kaɗan, manhaja na canja."

Ranar suna ya kawo bidiyon kamu. Kafin ya fita ya roƙi a ba shi aikin sunan, ya ce wannan karon da Filmora zai yi.