Alhaji, Sifana Ba Ta Cizo

Na san ku, masu taɓe baki. Da an ce mutum ya duba babur ɗinsa da hannunsa, sai ku ce, "Af, za a yi gyaran gangar Abzinawa ke nan." To ku gyara zama, yau da ku nake.

Alhaji mai Jincheng, da kai zan fara. Babur ya ƙi tashi da safe, ka yi ta buga shi har gumi ya jiƙa babbar riga, ka tura shi zuwa bakin titi kana haki. Bakanike ko tashi bai yi ba. Yaronsa ya sa, wanda bai kai autanka ba, ya kwance fulogi, ya goge, ya mayar. Ka biya, har da "Allah ya yi albarka."

Alhali fulogin nan ba ya riƙe sirri. In bakinsa ruwan ƙasa ne, inji lafiya lau. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya rinjayi iska, kuma sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe soson tace iska. Ka wanke soson da kananzir, ka matse, ka ɗan shafa masa baƙin mai, shi ke nan. Sarƙa kuwa, taɓa ta da yatsa a tsakiya: wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Baƙin mai a juye shi inji na da ɗumi, don ya fito da dattinsa. Ina abin da ya gagari mai gemu a nan?

Malam mai keke, ina jin dariyarka, ba ka tsira ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka kakkaɓe tsohon Raleigh ɗin da ya shekara a zaure, amma ƙaya ɗaya sai ta sa ka jan keke rabin gari neman mai faci. Hura tif ɗin, tsoma shi a ruwa, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Kankare wurin, shafa gam, bari ya sha iska kafin ka manna facin. Ka kuma laluba cikin tayar, don in ƙayar na nan, gobe ma da ƙafa za ka je masallaci.

Yallaɓai kuma ya ce wai aikin ɓata hannu ne, bai dace da mai biro a aljihu ba. Ranka ya daɗe, 'yan'uwan nan biyu, su Wright, da suka tashi jirgin sama a Amurka a 1903, shagon keke gare su a garin Dayton. Soichiro Honda ɗan maƙeri ne mai gyaran keke, kuma a 1946 da ɗaura ƙananan injuna a jikin kekuna ya fara. Kai da hannunka ya sha sabulu, me ka ƙera mana?

Saura masu cewa so nake in hana bakanike cin abinci. Ku kwantar da hankalinku. Buɗe cikin inji, giya, kuloci da wayoyin wuta, wannan gonarsa ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi kansa ya gaji da injin da aka kawo masa ya ƙone don mai shi bai taɓa leƙa baƙin mai ba.

Ranar Asabar ku nemo sifana mai lamba 10 da 12, da sukundireba, da filaya. Ku shimfiɗa buhu, ku jera duk abin da kuka kwance bi da bi. Mai kada ya kusanci burki, kuma ku gwada burkin a ƙofar gida kafin ku hau kwalta. In kun gama kuka ga noti ɗaya ya yi saura a kan buhu, don Allah kada ku ce kamfani ne ya yi muku gyara.