Littafin Raƙuman Dawa

Wanda ya hau mota a tashar Wadata ta Yamai ya nufi Doso, in ya ci kilomita sittin zai iso Kure. A nan ne mafi yawan ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke kiwo. A da suna yawo tun daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka yi ta cin su, har a 1996 aka ƙirga aka sami 49 kacal. Hankalin hukuma ya tashi, aka hana taɓa su, aka tanadi tara da ɗauri ga wanda ya kashe ko da ɗaya. Kafin 2018 sun haura 600.

Sirrin wannan nasara littafi ne. Kowane raƙumin dawa da irin zanen jikinsa, babu biyu masu kama ɗaya. Da damina ma'aikatan gandun daji da masu ja-gora kan shiga daji, su ɗauki hoton kowanne ta dama da ta hagu, su ba shi lamba, su rubuta namiji ne ko mace, da inda aka gan shi. Wanda aka haifa bana yana shiga littafi bana. In an nemi wata ba a gan ta ba, sai an bi sawu. In gawarta aka tarar, sai an rubuta abin da ya kashe ta, ko mota ce, ko ciwo, ko hannun mutum, takarda ta tafi Yamai. Ba a rufe maganar da cewa kwananta ne ya ƙare.

Macen ba ta ɗaukar ciki sai ta kai shekara huɗu ko biyar, jikinta ya ƙosa, kuma babu mai yi mata gaggawa. Cikin kan yi kusan wata goma sha biyar. A tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo daga sama, kafin awa guda ya miƙe ya nemi nono. Mazan suna faɗa, suna maka wa juna wuya har a ji ƙara daga nesa, amma faɗan a tsakaninsu yake tsayawa. Da rani suna gangarawa Dallol Boso cin ganyen gawo. Mace takan ratsa gonaki da rugage ita kaɗai, da dare ko da rana, ta ci waken mutane da mangwaronsu, mai gona ya tsaya yana kallo, sandarsa a ƙasa. Albarkacinsu ma wasu ƙauyukan yankin suka sami rijiya da ɗan rancen sana'a, don kada a ji haushin dabbar.

A bakin kwalta an kafa alluna masu hoton raƙumin dawa. An yi dabara da aka sa hoto, domin wanda bai taɓa shiga aji ba ma ya gane. Wata rana da azahar motarmu ta tsaya cak, wata raƙumar dawa mai tsohon ciki tana tsallakawa a hankali. Babu wanda ya yi tsaki, wayoyi kawai aka ɗaga. Gaba kaɗan wani amalanken jaki ya fito daga hanyar yashi, an shimfiɗa tabarma, an lulluɓe wani abu da zane, tafin ƙafa mai lalle ya leƙo. Wata tsohuwa tana biye da buta da ƙullin tsumma, tana ɗaga mana hannu. Wata hajiya a bayana ta ce, "Direba, ɗana, ko ka dubi mutanen nan?" Ya ce, "Hajiya, mota ta cika, kuma mun riga mun yi latti." Da gaskiyarsa, babu allo a wurin.

Masana sun ga hatsari ne a bar su duka wuri ɗaya, kada annoba ko tashin hankali ya share su. A Nuwamban 2018 aka zaɓi takwas, likitocin dabbobi suka yi musu allurar barci, aka rufe musu ido don kada su firgita, aka yi makonni ana lallashinsu su saba. Sannan aka ɗauke su a manyan motoci fiye da kilomita 800 zuwa Gadabeji a jihar Maradi, ana tafe ana duba lafiyarsu. Duka takwas suka sauka da rai.

Tashin hankalin da ake tsoro ya zo ranar 9 ga Agustan 2020. 'Yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a dajin Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban masu ja-gora. Allah ya jiƙan rai. Kafin dare duniya ta ji, an san adadi, ba a jima ba aka san sunan kowa. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu ja-gora suka rasa abin kai wa gida.

Duk da haka labarin Kure abin alfahari ne. Ya nuna a ƙasar nan an san yadda ake tsare rai in an ga dama: littafi, da alƙalami, da mota mai mai a ciki, da mutumin da za a tsare da tambaya in lissafi bai cika ba. Allah ya ƙara wa raƙuman dawa yawa, masu ciki a cikinsu kuma Allah ya raba lafiya.