Kunnuwan Samarin Dakwaro

Da zarar an idar da sallar isha'i a Dakwaro, aka shimfiɗa tabarma a fada, aka ɗora butar shayi bisa gawayi, rigimar farko da ke tashi ita ce ta wayar da za a haɗa da lasifika. Lasifikar ɗaya ce, cajinta ba ya kaiwa shayi na uku, kuma kowane saurayi ya zo da yaƙinin shi kaɗai Allah ya yi wa kunne.

Mafi yawansu ƴan dandali ne. Ɗan dandali bai taɓa tsayawa ƙofar gidan wata yarinya ba, amma an yaudare shi ya fi a ƙirga. Umar M. Shareef ne ya fara karya mishi zuciya, Nura M. Inuwa ya ƙarasa. Tun da Hamisu Breaker ya fito da Jaruma a 2020 yaron bai koma daidai ba. Sai ka gan shi ya lumshe ido, ya dafe ƙirji, yana girgiza kai, shayinsa na hucewa. In ka ce, "Abokina, wace ce ta yi maka haka?" sai ya yi ajiyar zuciya ya ce a bar maganar kawai. Barin maganar ya fi mishi sauƙi, don babu ita.

Kusa da shi akwai wanda ya dawo daga arewa. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samari ke bin hanyar Agadas, wasu su zarce Aljeriya ko Libiya. Zinariyar ba kowa ke dawowa da ita ba. Abin da ba ya kuskurewa shi ne rawani da jita. Wannan Bagobiri ne gaba da baya, zanen na nan a kumatunsa, amma yanzu ba ya jin komai sai Bombino da Tinariwen da marigayi Abdallah Oumbadougou. Ya naɗe fuska saura ido, yana kaɗa yatsu a iska. Buzancin da ya iya bai wuce gaisuwa da sunan shayi ba, duk da haka shi ke yi wa fada fassara, kuma kowace waƙa, a bakinsa, kan raƙumi da kewar gida take. Ranar da wani Buzu na gaske daga wajen Gadabeji ya zauna tare da su, ya saurari fassarar har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya roƙi a sa mishi Ado Gwanja. Ban ga laifin kowa ba a nan. Shi kansa Mdou Moctar, wanda yanzu ake biyan kuɗi a Amurka don a gan shi, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da muryar inji irin ta waƙoƙin finafinan Kano, kuma daga waya zuwa waya sunansa ya bazu kafin Turawa su ji labari.

Sai ɗan lakwal, wanda ya yi shekara ɗaya a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ya dawo hutu da wando a ƙasan ƙugu. Shi rap yake ji, na Yamai da na Faransa, kuma Kaidan Gaskiya ma a wurinsa kiɗan tsofaffi ne. Da DJ Arafat ya rasu a Abijan a 2019 ya yi zaman makoki har mahaifiyarsa ta tambaya ko ɗan'uwan ubansa ne ba a gaya mata ba. Abin sauraro ba ya barin kunnensa. Wani lokaci ka bi igiyar da ido, ka tarar ƙarshenta na lilo cikin aljihu, wayar na can shagon caji tun hantsi.

Wanda ya fi ba ni dariya, kuma na fi ƙauna, shi ne tsohon da bai kai ashirin da biyar ba. An haife shi bayan rasuwar Mamman Shata a 1999, amma in yana ba da labarinsa sai ka rantse shi ke riƙe mishi kalangu. Ya san Narambaɗa na Isa ne, ya san Ɗanƙwairo na Maradun, ya san Ɗan Anace da Shago, yana kuma jin haushin cewa ƴan garinsu ba su san Ɗan Gurmu na Tawa ba balle Sa'adu Bori, wanda nan Maradi ya yi zamaninsa. A kaset ɗin kakansa ya tashi, kakan ya rasu, rediyon ya lalace, ya kwashe komai ya zuba a waya. Hukuncinsa ɗaya ne ga duk abin da aka yi da fiyano: "Wanga ba waƙa ba ce, hayaniya ce." Gaskiyarsa ta kai rabi. Matsalar ita ce waƙarsa guda sai ta ci rabin sa'a, ga shi ba ya yarda a katse, sai ya tsayar ya yi bayanin habaicin, ya mayar baya a sake ji. In ya karɓi lasifika, fada kan tuna da sammakon gona ko da a tsakiyar rani ne.

Ɗan kabu-kabu ba ya da zaɓi, ƙara kawai yake so. Makiyayin da ya gangaro daga Bermo ranar kasuwa kuwa rediyonsa mai cin kati na rataye a kafaɗa tare da sanda, kuma shanunsa sun ji Ali Jita fiye da wasu ƴan birni.

Ƴanmata ba sa zama fada, amma su ke yanke wa waƙa hukunci. Wadda ba a taka ba a gidan biki ta mutu, ko wane ne ya rera ta. Ƴar yayi ta san daƙiƙa talatin na kowace sabuwar waƙa, daidai abin da take ji a TikTok, ragowar kuma ba ta taɓa ji ba. Kakarta na gefe tana tsaki, tana cewa ƴaƴan yanzu ba kunya. A sa Barmani Coge, a kifa ƙwarya a ruwa, sai a ga inda jikar ta gado rawar.

Akwai kuma malaman fada guda biyu da ba sa shan inuwa ɗaya. Na farko ɗan bege ne, wayarsa cike da Fadar Bege da mandiri, kuma in ya ɗauki amshi ba ruwansa da maƙwabta masu barci. Na biyu ustazu ne, wando a ɗage, kiɗa duk haramun ne a wurinsa. Wayarsa ƙira'ar Sudais ce da tafsirin Malam Ja'afar. Yana tashi da an kunna lasifika, sai dai ba ya nisa. Yakan tsaya daidai inda sauti ke kaiwa, yana jan carbi ko latsa waya, babban yatsan ƙafarsa na motsi cikin takalmi.

Dukansu kuwa wuri ɗaya suke ɗibar ruwa. A bakin kasuwa akwai mai turi, da tsohuwar kwamfuta da faifan sola da tarin wayoyi masu jiran caji. Mega na da tsada, intanet na zuwa yana ɗaukewa, saboda haka mai ƴan daloli sai ya miƙa katinsa ya ce a cika. Mai turi ba ya tambayar ra'ayin kowa. Kallo ɗaya yake maka, ya ga rawani ko askin kai ko tsawon wando, ya san jakar da zai buɗe. Abin da ɗan lakwal ke taƙama da shi cewa shi kaɗai ya gano, an tura wa mutum goma kafin azahar.

Mai turi kuma ya san sirrin gari. Ustazu kan zo mishi ne bayan kasuwa ta watse, ya waiga dama da hagu, ya ajiye wani kati daban.

"Na ƙanwata ne. Waɗannan na Breaker take so."

"To, malam. Sababbin ko har da na bara?"

"Na bara tana da su."