Yadda Ake Amsa Kiran Kamfani Daga Toranke

Ranar Juma'ar da ta wuce ina dawowa daga Wudil, na wuce Gaya lafiya, saura ƙiris in shiga Toranke sai na ji ƙarrr a ƙarƙashina, kamar ana jan langa-langa. Yara suka biyo ni da ihu: "Malam, zanen motarka ya kwance!" Na sauka na leƙa. Robar nan da ke rufe ƙasan inji ce ta saki, noti ɗaya ke riƙe da ita, sauran tana share wa gwamnati hanya kyauta.

Da daddare na ba ƙanina labari, shi kuma ɗan boko, ya ce ai kan wannan robar an sha ce-ce-ku-ce a Amurka. A Yulin 2022 kamfanin Ford ya kira motoci sama da 100,000 a dawo da su gyara, Escape da Maverick da Lincoln Corsair masu haɗa fetur da batir, don in inji ya fashe mai yana iya taruwa a kan robar ya kama da wuta. Gyaran kuwa shi ne a huhhuda robar mai ya sami hanyar zuba, a cire wasu filafilai a gaban lagireto iska ta shiga. Masu motoci suka ce an bar jaki ana dukan taiki: inji ke fashewa, roba ake hudawa.

Tawa ba Ford ba ce, amma zafin nema ya sa na haɗa muku shawarwari.

Na ɗaya, ka jira wasiƙa. Kamfani zai rubuto da ladabi, gyara kyauta ne. Sai dai wasiƙar tana zuwa gidan tsohon mai motar, can Tekzas. Tun daga lokacin motar ta sha gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta kwana Kwatano, ta ratsa hannu huɗu, kowanne yana rantsuwa cewa wata tsohuwar likita ce ke zuwa asibiti da ita. Ka ci gaba da jira. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Na biyu, ka duba ko robar tana nan ma. Yawancinku kun huta, tun juyen baƙin mai na farko bakanike ya yi muku abin da injiniyoyin Amurka suka yi wata da watanni suna lissafi. Ba ya huda ta, jefar da ita yake yi gaba ɗaya. Ka ce, "Oga, ina abin da ke nan?" Ya ce, "Alhaji, wannan ai na ƙasar sanyi ne, zafi yake tara maka." A wajen nawa bakaniken duk abin da ke da wuyar mayarwa na ƙasar sanyi ne. Ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin ruwan inji na ƙasar sanyi ne, ya cire. Fanka ya ɗaure ta kai tsaye, tana kuka tun daga asuba ko da hunturu ne. Wutar da ke kamawa a gaban sitiyari tana gargaɗi, ya liƙe ta da baƙin salatif, wai "gulma ce kawai irin ta motocin zamani". Indomin salansa kuwa, wannan saƙar da ke tace hayaƙi, na kai mota da ita da safe, na karɓo da yamma tana ruri kamar injin niƙa, ya ce numfashinta ne ya buɗe. Kullum kuma sai noti uku sun rage a ƙasa. Tawa robar ba tausayina ya sa ya bar ta ba, notin ne ya yi tsatsa ya ƙi kwantuwa.

Na uku, ka je Kofar Ruwa ka nemo wata. Za a ce babu, a ba ka kujera, yaro ya ɓace awa biyu, ya dawo da ta wata mota daban, a ce ai da wuƙa ake gyara ta.

Na huɗu, ko na biyar ne, mai walda. Zai naɗe maka ƙasan mota da ƙarfe mai nauyin ƙyauren shago. Rami ba zai fasa maka kwanon baƙin mai ba, gaskiya ne. Amma duk mai da ya ɗiga a nan zai kwanta, wato ka biya kuɗi an ƙera maka ainihin tukunyar da aka huda a Amurka.

Ni fa abin ya daina ba ni dariya. Can sun yi fushi don gyaran kyauta bai gamsar da su ba, mu ko sanin muna duniya ba a yi ba. Jakar iskar Takata, wadda ke fashewa ta watsa wa direba ƙarafa, ta sa an kira miliyoyin motoci a duniya, har kamfanin ya durƙushe a 2017. Motoci masu irin wannan jakar su ne muke lodawa mutum bakwai zuwa Ajingi. Wa ya kira su? Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 tana nan a gindin gilashin gaba, da ita ake dubawa a intanet a minti biyu. To ka duba ka gani, sai ka kai wa wa?

Na nawa muke? Bar shi.

Robar dai uwargida ta karɓe, ta rufe akurki da ita, ta ce ba ta taɓa ganin amfanin motar ba sai yau. In kamfani ya iso Toranke da abin huda, ya fara shawara da kaji, don damina ta kusa.