Ingila Ta Lalace, In Ji Majalisar Mai Shayi

Tun da waya mai shafawa ta faɗa hannun dattawa, bencin mai shayin unguwarmu a Rijiyar Zaki ya koma majalisar dokokin Ingila. Jiya da hantsi ma an zauna, kuma kafin ƙwai ya soyu an yanke hukunci: Turai ta lalace, baƙi sun cinye ta.

Wani Alhaji, yana tsoma burodi a kofi, ya ce shi Turawa tausayi suke ba shi. "Landan guda fa! Tun 2016 Sadiq Khan ke magajin gari, ɗan direban bas daga Pakistan." Na ce, "Alhaji, ai Musulmi ne." Ya kurɓi shayi, ya yi jim, ya ce to shi kam Allah Ya ƙara masa, sauran yake nufi.

A sauran kuwa har da Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas, ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a 2024, yanzu tana sahun gaba wajen cewa a rage baƙi. Wanda ya riga samun kujera shi ke gaya wa kwandasta mota ta cika.

Abin da ya fi ƙona wa majalisa rai shi ne wai a can ba a kiran abu da sunansa, kowa sai an lallaɓa shi. Kamar mu muna kira! A nan wanda ya wawuri dukiyar jama'a "rabonsa ne ya tsaga". Baƙon da ya zo a jif Alhaji ne, wanda ya zo da buhu a ka ɗan ci-rani.

Shi wannan Alhajin da hannunsa ya yanka gonar gado fuloti-fuloti, wurin da muka taso muna ganin gero da gyaɗa, ya sayar wa malaman Jami'ar Bayero da 'yan kasuwar Kantin Kwari. Yau yana kukan ba sa gaisuwa, sun ja katanga har da waya a sama. Trump ma da ya biyo titin Gwarzo da ya ƙaro ilimin gini.

Ana cikin haka ɗansa ya bugo: bizar Ingila ta fito. Alhaji ya yi kabbara, ya biya wa kowa shayi, ya aiki yaro ya sayo Gana-mas-go biyu, jakar nan da ta samo suna a 1983 da gwamnatin Shagari ta kori baƙi.

Na ce, "Alhaji, ƙasar da ta lalace?"

Ya kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga babbar riga. "Malam, ai gyara zai je yi."